Mai Kitso da Ƙurajen Haɓa

Sahura, Ɗanjuma, Barira, ku matso nan. Kai Ɗanjuma, kife wayar nan. Tun jiya kuke cacar baki a kan ƙwayar da likita ta ba ƙanwarku Uwani, kowa ya zama likita a tsakar gidana. Ni ban yi boko ba, amma na yi ido. Ku ji misali.

An yi wata mai kitso a wata unguwa, in ta tsaga kai sai ka ce da zare ta auna. Ta haifi uku, ta daɗe da mance ƙurajen balaga, sai ga su sun dawo mata da girmanta. Ba a goshi ba irin na 'yan mata. A haɓa suke, da muƙamuƙi har gangaren wuya, masu zurfi da zogi kamar an binne tsakuwa a ƙarƙashin fata. Al'adarta na matsowa su taso, tana wucewa su bar baƙin tabo. To kun san aikin kitso, kan mace a cinyarki, fuskarki a bisa tata. Mata suka fara zamewa. Wannan ta ce kanta na ciwo, waccan ta aiko a ce ta yi tafiya, washegari a gan ta da sabon shuku daga wata unguwa. Tabarmar da ake layi a kai ta zama wurin barcin kyanwa. Ta goga sabulun salo, ta matsa lemun tsami, ta yi dilka, ta shafa man bilicin har fatar ta saɓule. Asibiti ma ta je, ba sau ɗaya ba. Amma duk ranar da za ta je, sai ta ɗauki hantsaki ta tsige 'yan gashin da suka fara fito mata a ƙasan haɓa, ta bi da hoda. In an tambaye ta yaya al'ada, ta ja mayafi ta ce lafiya lau, alhali wani watan ta zo, wani watan shiru. Kunya. Sai a ba ta man shafawa ta dawo. Tamkar mai yaɓe bango kullum, ga randa can a baya tana yoyo.

Rannan aka ɗauke ta kitson amarya. Ta jera kayanta ke nan uwar amarya ta aiko, a gaban mutane, wai ta bari kada ta shafa wa yarinya ƙuraje. Ta naɗe tabarmarta ta koma gida. Da safe ta tafi wurin likita ba tsiga ba hoda, ta ɗaga haɓa ta nuna gashin, ta zazzage maganar al'ada kaf. Likitar ta ce, "Haba baiwar Allah, da tun farko kin faɗa!" Ta yi mata bayani cewa kowace mace na da ɗan sinadarin maza a jininta, amma wata fatarta ta fiye jin sa, sai ta yi ta zubo maiƙo yana toshewa. Ta ce ba ciwon da ake shafa wa wani ba ne. Aka auna jininta, aka ba ta ƙwaya mai tare wa sinadarin hanya, da sharaɗi: kada ta ɗauki ciki tana sha, don tana iya cutar da ɗan, ta riƙa dawowa awo, kuma kada ta sa ran ganin sauƙi da wuri. Ta zaunar da mijinta ta gaya masa da bakinta. Ya ce uku gare su, ba tsere suke da kowa ba. Watan farko babu abin da ta gani sai yawan fitsari da ɗan jiri in ta miƙe da sauri. Wasu tsofaffi biyu da ba su guje ta ba har tsiya suke mata, wai kitso rabi, bayi rabi. Ta kusa watsar da ƙwayar a kwata. Ta daure. Can bayan wasu watanni al'ada ta zo ta wuce, ta shafa haɓarta ta ji sumul. Ta sake shafawa don ba ta yarda ba. Tabon ne ya ɗauki lokaci, shi ma ya bi sahu. Jajiberin salla kyanwa ta rasa wurin kwanciya.

To, abin da Uwani ta yi ke nan. Ta je ta faɗi gaskiya, fuskarta ta kwanta, ta daina ɓuya a ɗaki in an yi baƙi. Ni da na haife ta, rabon da in ga ta kalli madubi tana murmushi har na manta. Alhamdu lillahi. Kai Ɗanjuma kana cewa ta tona asirin kanta gaban bare. Asirin me? Ke kuma Barira, bakinki ne ya kai wa mijinta maganar jinkirta haihuwa kafin ita ta kai, shi ya sa ya kumbura. Ku ukun nan ku ɗauki Uwani ku je ku same shi. Ta faɗa masa komai da bakinta, su koma wurin likitar tare, ya ji yaushe ake ajiye maganin in suna son ƙarin haihuwa. Ku kashe maganar nan kafin Juma'a, ba na son in sake jin ta.

Masu iya magana sun riga sun gama: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.