Kalmar da Baba Ba Ya Mantawa

Karo na tara ke nan kwamfutar Baba ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce. A cikinta kuwa akwai littafin karin maganar da ya shekara goma sha ɗaya yana tarawa, wanda maɗaba'a ke jira ranar Litinin.

Auta na zaune a hannun kujera tana yanke farce. Wannan matsala duk aikin Yaya ce, babban wansu, wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku ya dawo gida da sunan Injiniya, sunan da shi ya raɗa wa kansa.

Da hantsi ya zo da filashi a aljihu, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wai zai sauya wa Baba manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Manhajar ta tambaya cikin ladabi ko ta raba faifan ajiyar kwamfutar da kanta. Yaya ya ja tsaki.

"Wannan na 'yan koyo ne," in ji shi ta hanci, yana gyara tabarau da ɗan yatsa. "Mu da hannu muke rabawa."

Ya yanka faifan gida-gida kamar mai rabon gado. Ya rufe gida mafi girma da makullin sirri, wai saboda ɓarayi, sai ka ce akwai ɓarawon da ke kwana da yunwar karin magana. Ya kwashe littafin ya zuba a ciki, ya share tsohon gidan tas. Auta ta ce a ajiye kwafi tukuna.

"Ke da kike buga wasiƙu a ofis, me kika sani?"

Baba dai abu ɗaya ya roƙa tun farko: a sa masa allon rubutu na Hausa. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, yana jan kunnen duk wanda ya rubuta ƙafa ba ƙugiya. Da aka zo kalmar sirri, Yaya ya ce, "Baba, ka zaɓi abin da kake gani kullum, wanda ba za ka taɓa mantawa ba." Baba ya dube shi jim, ya ce, "To, Injiniya." Suka juya baya, ya danna.

Aka kashe, aka kunna. Shi ke nan, ƙofa ta rufe da mai gida a waje.

Yanzu gumi ya jiƙa wuyan rigar Yaya, amma bakin bai mutu ba. "Tsufa ne. Wallahi ya manta. Ni aikina ba kuskure." Baba ya jawo kwamfutar ya sake gwadawa.

Auta ta lura duk sa'ad da Baba ya zo rubuta kalmar, sai yatsansa ya tsaya yana lalube. Ta ajiye abin yanke farcen, ta gyara tabaran da ba ta da shi, ta ce ta hanci, "Matsa, wannan ba na 'yan koyo ba ne."

Ta mayar da filashin, ta kunna daga cikinsa.

"Allon da ke tambayar kalmar in an kunna, haruffan Turanci kaɗai ya sani," in ji ta. "Ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Ba a kai nan ba a kwas ɗin?"

Ta sauya allon zuwa Hausa, ta tura wa Baba. Ya danna. Faifan ya buɗe, ga littafin nan lafiya lau. Baba ya sauke ajiyar zuciya.

"Ai dama na sani," in ji Yaya. "Bari in ga kalmar, in cire mata ƙugiyar."

Kafin Baba ya kai hannu, Yaya ya danna ɗan idon da ke bayyana rubutu. Ɗige-ɗigen suka koma haruffa, kowace ƙugiya a mazauninta:

*ɗana daƙiƙi ne*