Aikin Samanja a Filin Jirgi

Samanja ya zo jin amsa a kan auren ƙanwata bazawara, sanye da tsohon kakinsa na soja. Muka zauna a rumfata, dab da shingen iyakar Jibiya.

Tun dawowarsa daga yaƙin Jamus labarinsa ɗaya ne: shi ke tashin jiragen Turawa daga Kano ya sauke su Maiduguri. Har 'yan kwastan ma Samanja suke ce masa. Ni kuwa ba na ba da aure a kan labari. Na sa direbobi su tambayo mini a filayen jirgin biyu. Mutanen Kano suka ce ba su san shi ba. Na Maiduguri suka yi dariya, suka ƙi faɗin dalili.

"Malam, hassada ce kawai," in ji shi. "Da hannun nan nawa na..."

Sai rugugin wani ƙaramin jirgi ya taso daga wajen Maraɗi, ƙasa-ƙasa. Kafin in ɗaga kai, Samanja ya tuɓe hula, ya faɗa tsakiyar hanya da gudu yana kaɗa ta yana ihu. Nan take ya kore awakin mutane kaf, da gwanintar wanda ya daɗe yana share wa jirgi wurin sauka. Sannan ya ƙame a gefe yana sara wa sama har jirgin ya ɓace.

Da ya juyo, kowa shi yake kallo.

Korar awaki sana'a ce. Da ita ya kawo mini, da na ba shi ƙanwata.