Mai Keke Shi Zai Kauce

Kullum da safe Dogo yakan cusa ƙafar wandonsa cikin safa don kada sarƙa ta cije ta, ya ja takunkumi har ƙarƙashin ido, ya danno hula, sannan ya turo kekensa waje. Matarsa takan tsaya a bakin ƙofa tana dariya.

"Baban yara, aiki za ka ko fashi?"

"Hayaƙi ne," yakan ce. Ita ma ta san ba hayaƙi ba ne.

Tun bara da motarsa ta mutu, ta koma ɗakin kwanan kaji a tsakar gida, bai yarda wani a wurin aiki ya san da keke yake zuwa ba. Yakan ajiye shi wajen mai faci, layi biyu kafin ofis, ya share gumi, ya ƙarasa a ƙafa yana kaɗa makullai kamar wanda ya faka a kusa. Mutum irinsa, a aiki irin nasa, in aka gan shi a kan keke, to ya zama abin labari.

A shekara ɗayan nan ya san bakin titi kamar tafin hannunsa. Nan ne rabon mai keke: yashi, fasassun kwalabe, da kwata mai buɗaɗɗen baki. Babbar mota da sauƙi, tun daga nesa kana jin nishinta. Ƙananan nan su ne masifa. Sai su lallaɓo shiru, suna ganin ko ramin ɓera za su iya shiga. Masu ƙafa uku kuwa sai sun juya suke tuna akwai sigina. Dogo ba ya zagin kowa. Yakan dai yi gunaguni cikin takunkumi: "Bai duba madubi ba. Wannan ta saki kuloci da wuri."

Ranar nan, daf da shataletale, ya ji hon sau biyu a bayansa. Ya saurari ƙarar birki, bai ji ba. Madubin wata 'yar ƙaramar mota fara ya daki gwiwar hannunsa, sai ga shi cikin kwata, keke a kansa, tayar gaba ta lanƙwashe.

Kafin ya miƙe mutane sun taru. Wata mata cikin kayan ma'aikatan jinya ta fito daga motar.

"Wayyo Baba, sannu! Na shiga uku, sannu!"

Yana jin muryar, hannunsa bai je kan gwiwar da ke jini ba. Takunkumin ya fara taɓawa, ya ji yana nan.

Jami'in hanya ya ratso taron, ya karɓi lasisinta ya juya shi. "Sati uku kacal da samun lasisi. Baiwar Allah, kin ga mutum a gabanki, ina birki?"

"Yallaɓai, haka aka koya mana," ta ce tana hawaye. "Malaminmu ya ce ba a taka wa mai keke birki. A danna hon sau biyu a wuce, shi zai kauce. Ya ce in ka tsaya wa kowane keke, ba za ka je ko'ina ba."

Wuri ya kaure. Wani tsoho mai kai burodi a keke ya jingine kayansa, ya yaye wando ya nuna tabo a ƙwaurinsa, dogo kamar cokali.

"Ashe karatunmu ake ba ku! Ni da na ɗauka ganinmu ne ba ku yi. To a gaida malam, ɗalibai sun haddace!"

Jami'in ya zaro biro. "Wace makaranta ce? Wane malami? Yau sai na ga an karɓe takardar koyarwarsa." Ya juyo kan Dogo. "Baba, cire wannan abin mu ga ko baki ya fashe. Za ka bi mu ofis ka ba da shaida."

Dogo ya sunkuyar da kai, ya shaƙe murya kamar mai mura. "A bar ta ta tafi. Na yafe. Laifina ne, ban kauce ba."

"Ka kauce ina kuma?" in ji tsohon. "Ai ga ka har cikin kwata!"

Aka yi dariya. Jami'in ya sake tambaya, Dogo ya sake cewa ba shi da ƙara. Biro ya koma aljihu. Mutane suka shiga sa masa albarka, wannan ya ce mutumin kirki, wancan ya ce irinsa sun ƙare. Kowace kalma sai ya ji ta fi gwiwar zafi. Matar ta roƙe shi ta kai shi asibitinsu. Ya girgiza kai, bai ko ɗago ba, ya saɓa keken a kafaɗa ya bi gefen titi yana ɗingishi.

Wajen mai faci ya wanke ciwon, ya zare wando daga safa, ya cusa takunkumi da hula a aljihu. Ranar bai kaɗa makullai ba.

A harabar ofis wata mota mai jan allon 'yan koyo a gaba da baya tana jiransa. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar da ke kusa da direba, ya ɗora ƙafa kusa da birki na biyu. Suna fita daga get, magidancin da ke riƙe da sitiyari ya gyara zama, ya kai hannu kan hon.

"Malam, ga mai keke nan. Sau biyu in wuce, kamar yadda ka koya mana?"