Wanne Ne Ja?

"Ruwan ya canza launi, ka tsaya mana!" malamin ya daka wa ɗalibin tsawa a ɗakin gwaje-gwaje.

Ya ƙura wa kwalbar ido, bai ga abin da ya canza ba. Shekara biyu yana karatun kimiyyar sinadarai da idon abokinsa: in abokin ya ɗaga gira, sai ya daina ɗiga maganin. Yau kuwa jarrabawa ce, kowa tasa ta fisshe shi.

Da yamma ya nufi shagon kawunsa tela, wanda ya raine shi, da niyyar cewa zai bar kimiyya.

"Likita, ka zo a daidai!" Haka Kawu ke kiransa tun da ya fara kimiyya. Ya miƙo zare biyu, ya rage murya. "Wanne ne ja? Tun ina yaro ba na bambancewa, haka ma kakanka. Kullum sai na yi dabara na tambayi mutane. Kai dai Allah ya tsame ka."

Ɗalibin ya dubi zaren. Duk ɗaya suke a idonsa.

Ya nuna na dama. Kawu ya zura shi a allura, ya hau ɗinki yana murmushi.