Likitan da Ba Ya Sakin Wuƙa

Tukur, tunda kai aka ɗora wa nauyin buɗe horon likitocin ƙashi a asibitinku, matso ka ji wani misali, ko ya yi maka amfani.

An yi wani likitan ƙashi a wani gari na bakin babbar hanya, inda mota da babur ba sa raba mutane da karaya. Mutum ne mai hannu, kowa ya shaida. Ƙafar da wasu suka ce sai dai a yanke, shi yakan haɗa ta da ƙarfe da ƙusoshi, mai ita ya koma gonarsa. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne duk yankin shi kaɗai ne gwani, sai wani mataimaki da ya daɗe a ƙarƙashinsa. Sai ya ƙudura a ransa, kafin ƙasa ta rufe masa ido sai ya kafa wurin da ƙananan likitoci za su zo su ƙware a aikin ƙashi. Ya yi shekaru yana kai gwauro yana kai mari. Ya sa aka gina sabon ɗakin tiyata, ya nemo na'urar hoton ƙashi, ya tsara abin da ɗalibi zai koya tun daga shigarsa har fitarsa. Kai, har kujerun ɗakin karatu shi ya zaɓa da kansa.

Amma a ɗakin tiyata yana da wata ɗabi'a. Mataimakin ne ke tsaga fata, ya buɗa nama, ya tsane jini. Da an kai kan ƙashi, inda aikin yake, sai babban ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in ƙarasa, ka ɗinke." Ba mugunta ba ce, ba kuma rowar ilimi ba. Tausayin mara lafiya ne, ga layi ya yi tsawo a waje, ga kuma ciwon nan na gwanaye, waɗanda ba sa iya tsayawa su ga wani yana laluben abin da su za su gama cikin ƙiftawar ido. Kullum yana ce wa kansa, bari dai horo ya kankama, zai koya masa a tsanake. Shi kuwa mataimakin mutum ne mai kunya, bai taɓa roƙon a bar shi ya gwada ba. Haka ya zama gwanin buɗewa da rufewa, tsakiyar aiki kuwa sai kallo.

Ana nan izinin buɗe horon ya fito daga hukuma, da sharaɗin su biyun ne za su koyar. Matasan likitoci suka baro garuruwansu, wasu har da iyali, suka tare. A daidai lokacin ne hannun babban likitan, wanda yanzu ya zama dattijo, ya soma rawa. Da fari ya ɓoye, yana sa hannun a aljihu in ana gaisawa, yana cewa gajiya ce. Sai ranar da aka kawo wani ɗan acaba da cinyarsa ta karye can kusa da ƙugu, ɗalibai sun kewaye gado suna jiran su ga gwani. Ya ɗauki abin huda ƙashi, bakin abin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Ya juya ga mataimakinsa, ya faɗi kalmar da bai taɓa faɗa masa ba: "Karɓi." Mutumin ya dube shi ta saman takunkumi, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yi ba."

Babu yadda za a yi, an riga an buɗe mutum. Dattijon ya tsaya yana faɗa, mataimakin yana yi, gumi na zuba. To amma yadda ƙusa ke kama ƙashi hannu ne ke jin sa, baki ba ya iya bayani. Ƙarfen ya zauna a karkace. Ƙafar ta warke gajera, saurayin ya rabu da babur, ya koma dogara sanda tun bai yi aure ba. Da masu ba da izini suka dawo dubawa, suka tarar da malami ɗaya ba hannu, ɗaya kuma ba ƙwarewa, suka janye izininsu. Ɗaliban suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sallama da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo.

Dattijon bai daina zuwa asibiti ba. Yakan zauna ya ɗaga hoton ƙashi sama, ya ga sarai abin da ya kamata a yi, sannan ya ce wa dangin mara lafiya su kai shi babban birni, alhali ya san yawancinsu gida za su koma da shi. Baƙin cikin wannan ya fi rawar hannun cin sa, don ya san ba wanda ya yi masa sai kansa.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.