Tafi Ɗaya na Irin Kaka

Na'urar gwajin ta nuna ja a karo na uku. Na ɗago na dubi Baba, yana tsaye cikin gonar wiwinsa, ganye ya kai masa ƙirji.

"Baba, me ka haɗa da irin da hukuma ta ba ka?"

"Tafi ɗaya ne kacal, na kakanki. A shuka sabon iri ba a jefa tsoho ciki ba? Ta ina albarka za ta shigo?"

Shekara talatin yana noman nan a ɓoye a bayan tsaunukan Rif. Da aka halatta shi don magani, aka ɗauke ni aikin duba gonaki, wata shida na yi ina lallashinsa ya yi rajista. Ni na cike masa takardun.

Doka kuwa ba ruwanta da albarka. Irin da ba na hukuma ba, a ƙone gonar, mai ita ya tafi kotu.

"Goge sakamakon mana, malamar gwamnati," ya ce yana murmushi.

"Ya riga ya isa ofis, Baba. Na'urar da kanta take aikawa."

Ranar Alhamis motocin jandarmomi, jami'an tsaron karkara, suka hawo daga kwari, ba su yi ɓatan kai ko sau ɗaya ba.

"Shekara talatin suna neman gonar nan," in ji Baba, "har da jirgin sama."

Taswirar da ke hannun babbansu, ni na zana ta ranar rajista.