Mai Yankan Ciyawar Maƙabarta

Ranar da majalisar jiha ta soke ƙarin albashin da hukumar birni ta tilasta wa 'yan kwangila su biya ma'aikatansu, dattijon da wata matashiya take yankan ciyawar maƙabarta tare da shi ya fasa yin ritaya. Zafin bazara ya kayar da shi a bakin aiki. Fasto ya yi addu'a, aka binne shi a nan.

Litinin da tsakar rana matashiyar ta ji kukan injin yankan ciyawa ta ɓangaren kogin Misisipi. Ta leƙa. Shi ne, sanye da kwat ɗin da aka binne shi da ita.

"Baba," in ji ta, "ba ka huta ba?"

Bai ɗago ba.

"'Yata, ni na mutu, kuɗin haya bai mutu ba. Tsohuwar matata tana gida."